Kwano a Kan Sifikar Baffa Gidado

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shaƙar hayaƙin dalma a shagona na bakin tasha a Birnin Kudu, kuma yawancin ranakun sun narke sun zama abu ɗaya a kaina. Guda ɗaya ce ta ƙi narkewa. Wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekara shida ke nan, ranar da wata mata mai ciki ta durƙusa a ƙofar shagona ta roƙe ni in je in rage wa aikin hannuna ƙarfi, ni kuwa na ce mata "to". Shugaban ƙungiyarmu ta masu gyaran rediyo ya matsa mini in rubuta wani abu saboda masu tasowa kafin in miƙa mabuɗin shago. Na ce masa ba ni da abin faɗa, na gaji. Ya ce ko gajiyar ce in rubuta musu. To ga ta nan.

Ga wanda bai san sana'armu ba, matakanta uku ne. Mai koyo yakan yi shekara biyu ko uku bai wuce kwance sukurori da share shago ba. Daga nan a ba shi mita da ƙarfen narka dalma, ya fara taɓa kayan mutane a gaban ogansa. In hannunsa ya faɗa, oga ya tara 'yan sana'a a yi addu'a, a sallame shi ya buɗe nasa shagon. Daga ranar jama'a za su fara ce masa Injiniya, ko da bai taɓa leƙa ƙofar jami'a ba. Ni a hannun marigayi Malam Tanko na bi waɗannan matakai, Allah ya ji ƙansa, kuma a wajensa na gaji abin da muke kira gwajin kwano.

Gwajin ba shi da wuya. In ka gama gyaran sifika sai ka ɗauko kwanon sha na ƙarfe ka ɗora a kanta, ka kunna, ka ƙure murya. In kwanon ya kama rawa yana tafiya da kansa har ya kai baki, mai kaya zai washe haƙora ya ce aiki ya yi. In bai motsa ba, ko da sautin ya fita tas, sai ya ce ba ka taɓa komai a ciki ba. Malam Tanko yakan ce mini, "Sabo, mutanen nan da ido suke sauraro. Nuna masa kwano ka huta." Na nuna kwano ga mutanen da ban san iyakarsu ba, ban kuma taɓa tambayar ko ɗaya daga cikinsu a wane irin ɗaki zai ajiye kayansa ba.

A watan Sha'aban na waccan shekarar wani direban babbar mota mai suna Adamu ya shigo da sifika a kafaɗa, irin ta ɗaka, mai aiki da batirin sola da memori. Ya ce daga kudu ya sayo wa mahaifinsa, Baffa Gidado, wanda ke zaune a wani ƙauye gaba da Zandam a ƙasar Gwaram. Tsohon makiyayi ne, ƙafa ta daina kai shi ko'ina, ɗansa yana so ya riƙa jin karatu da tafsiri daga kan gadonsa. Amma Baffa ya ce sifikar ba ta da murya.

Na kunna, na auna da mita. Lafiyarta ƙalau. Muryarta ta ishi ɗaki, ta ishi tsakar gida ma.

"Shekarun Baffa nawa?" na tambaye shi.

"Ya haura saba'in da biyar."

"In ana magana da shi yana ji?"

Adamu ya yi dariya. "Sai ka matsa kusa ka buɗe maƙogwaro. Ai shi ya sa na kawo maka. Azumi ya matso, Injiniya, ka yi mata abin da za ta yi magana."

A nan ne ya kamata in ce masa sifika ba ta da ciwo, kunnen tsoho ne yake son a duba. Na san haka sarai tun kafin ya rufe baki. Amma mai gyara ba ya son ce wa mutum kayansa lafiya lau, don gani yake kamar ya kori kansa da kansa daga aiki. Sai na kwance bayanta, na cire ƙaramin amfilifayar da ta zo da ita, wato abin da ke ba sifika ƙarfin murya, na sa irin wadda muke sa wa masu tallar magani a kasuwa. Akwai kuma ɗan wani abu da kamfani kan sa don ya tare murya kada ta wuce iyaka. Shi ma na yanke shi. Da na ɗora kwano na murɗa, bai ma tsaya rawa ba, tsalle ya yi ya faɗo ya gangara ƙarƙashin benci.

"Yanzu na ji magana," in ji Adamu. Ya ɗaure ta a bayan babur ya tafi yana sa mini albarka.

Azumi ya wuce, ƙaramar Sallah ta wuce, ruwa ya sauka, na manta da su.

Ranar Larabar da nake faɗa, bayan azahar, an yi ruwa an ɗauke. Ina kan wata tsohuwar rediyo sai na ji sallama ƙasa-ƙasa. Wata matashiyar mata ce, cikinta ya fito, katin asibiti a hannu. Ta durƙusa daga waje, ba ta shigo ba.

"Sannu da aiki, Injiniya."

"Yauwa, sannu. Me aka kawo?"

"Ba a kawo komai ba. Daga awo nake." Ta juya katin a hannunta. "Kai ne ka yi aikin sifikar Baffa Gidado?"

Na gyara zama, don na zaci yabo ne ke tafe. "Ni ne. Tana nan tana aiki dai?"

"Tana yi. Ni ce matar Adamu, Rabi. Akwai yarinyar nan da aka kai ɗakin su Baffa yaye bayan Sallah."

"'Yar wa?"

Ta sunkuyar da kai tana lanƙwasa bakin katin. "Ta nan gidan ce."

Sai na gane. 'Yarta ce ta fari. Ku yaran gari na yanzu da kuke saɓa ɗan fari a kafaɗa kuna ɗaukar hoto ba lalle ku fahimta ba. A irin gidansu uwa ba ta kiran sunan 'yarta ta fari, ba ta nuna ta damu da ita, balle a gaban surukai. Ko faɗuwa yarinya ta yi a gabanta, sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗauka. Da Rabi ta samu ciki aka yaye yarinyar aka miƙa wa kakanni kamar yadda aka saba, daga nan kuma bakin uwa ya fita daga maganarta.

Da ƙyar, tana magana tana kallon ƙasa, ta gaya mini abin da ya kawo ta. Baffa yana kunna sifika tun bayan asuba har azahar, ya sake kunnawa daga la'asar har magariba, kullum a ƙure. Yarinyar ta liƙe masa, a ɗakinsa take wuni, kuma ba ta da wurin zama sai jikin sifikar, don tana son yadda take kaɗa mata jiki. A nan take barcin rana. Yanzu in an kira ta ta baya ba ta waigowa sai an maimaita. Tana yawan sa yatsa a kunne. 'Yan kalmomin da ta fara kafin yaye, su Inna da ruwa, har yau ba su ƙaru ba.

"Me ya hana a ce masa ya rage?" na ce.

"Inna Dije ta faɗa sau ɗaya." Matar Baffa ke nan. "Ya ce mata yanzu karatun Alƙur'ani ne ya zama abin damuwa a gidansa? Tun daga nan ba wanda ya sake."

"Adamu fa?"

"Yana hanya. In ya bugo waya, lafiyar sifikar yake fara tambaya. Ni kuwa..." Ba ta ƙarasa ba, ba kuma sai ta ƙarasa ba. Surukar da ba ta iya haɗa ido da Baffa ba, ta ina za ta ce masa ya rage karatu saboda 'yar da ko sunanta ba ta kira?

"To me kike so in yi?"

"Ka je kamar ka zo duba batir. Ka rage mata ta ciki yadda ba zai sani ba. Kai baƙo ne, kuma aikinka ne. Ba za a ce ka yi rashin kunya ba."

Na dube ta, na dubi hadarin da ke sake haɗuwa ta gabas. Na ce, "To, in sha Allahu zan duba."

Kun san irin wannan "to" ɗin. Da shi muke sallamar mai rediyon da muka san ba za ta gyaru ba. Ta yi godiya har sau uku, ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta nufi motar Gwaram.

Ban je ba. Dalilai kuwa ina da su kamar ƙwai a kasuwa, kowanne ka ɗaga sai ka ga kamar mai kyau ne. Hanyar bayan Zandam ta ɓaci da ruwa. Shiga tsakanin suruki da suruka ba aikin mai gyaran rediyo ba ne. In na rage murya a ɓoye, Baffa zai ce aikina bai yi ƙarko ba, magana ta zaga ƙauyuka. Na kuma ce wa kaina mata da tsoro, yaro ai kowa da lokacin bakinsa. Babban dalilin dai, wanda ban faɗa wa kaina ba sai daga baya, shi ne zuwan yana nufin in yarda hannuna ya yi ɓarna. Kullum na ga katin asibiti a hannun wata mata sai in tuna, in ce mako mai zuwa. Mako goma aka yi haka. Na ƙirga su daga baya.

Abin da ya kai ni gidan a ƙarshe abin kunya ne in faɗa. Da kaka ta kama, Adamu ya bugo mini waya daga hanya, ya ce sifika ta fara wata irin ƙara kamar tsagaggen ganga, Baffa ya damu, in taimaka in je. Na san dalili: fatar cikinta ta yage, don ba a yi ta domin irin ƙarfin da na ɗora mata ba. Washegari da hantsi na ɗaure jakar kayan aiki na hau babur. Sai da sifika ta ji ciwo na je, ba don yarinya ba.

Tun ina cikin burtali tsakanin gonakin dawa, ban ma hango rufin gidan ba, na fara jiyo karatu. Wani mai cirar gyaɗa da na tambayi hanya ya ce, "Bi murya kawai, ba za ka ɓata ba." Na yi sallama a ƙofar gida sau uku, ba wanda ya ji. Sai da Inna Dije ta fito zubar da ruwa ta gan ni, ta yi mini alama da hannu in biyo ta. A gidan da hannu ake magana.

Ɗakin Baffa ƙarami ne, ginin ƙasa, rufin kwano, taga ɗaya ita ma a toshe da tsumma. Yana kishingiɗe a gado da carbi a hannu, fuskarsa cike da natsuwa. Sifikar tana kan kujera 'yar tsugunno a gefen gadon. Yarinyar, Maryama sunanta, tana zaune a kan buzu ta jingina gefen kanta na hagu da gaban sifikar, tana jera ɓawon gyaɗa. A saman sifikar kuwa kwanon furar Baffa ne, murfinsa yana ta kaɗawa shi kaɗai. Gwajin da nake yi na minti ɗaya a shago, a ɗakin nan wata shida ke nan yana yin kansa.

Na miƙa hannu na zare wayar batir. Shirun da ya biyo baya har nauyi gare shi. Kunnena ya ci gaba da kukan gyare, irin wanda na daɗe ina ji in na rufe shago, amma ranar ya fi kullum.

"Wa ya kashe?" in ji Baffa, da muryar da ta cika ɗakin.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne Injiniya. Bai ji ba. Na matsa na maimaita. Sai da na kai bakina kusa da kunnensa na buɗe murya sannan ya gyaɗa kai ya ce madalla, in gyara masa abarsa.

Nan na gane irin ramin da na haƙa wa kaina. Maganar da ke bakina irin wadda ake faɗa wa dattijo a keɓe ce, a hankali, da kewaye-kewaye. Shi kuwa ba ya jin komai sai ihu. Duk abin da zan faɗa, gidan kaf zai ji. Ta ƙofar ɗaki ina hango ƙafafun Rabi a bayan zana, ta daina dakan da take yi. Ina iya liƙe fatar sifika, in rage ƙarfi a ɓoye kamar yadda ta roƙa, in hau babur in tafi. Amma da ya ji murya ta ragu zai aika da ita wani shagon, kuma duk cikinmu ba wanda bai iya gwajin kwano ba.

Na ce da ƙarfi, "Baffa, aikin da na yi wa sifikar nan ɓarna ce. Ƙarfin da na sa mata na kasuwa ne, ba na ɗaki ba. Yana cin kunnen yarinyar nan."

Fuskarsa ta canja. "Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa. Idona ne ya gani." Ƙarya ce, kuma ita kaɗai ce ƙaryar da na yi a sana'ar nan da ban yi nadamarta ba.

"Karatun Alƙur'ani ne zai cuci Amaryata?" Haka yake kiran jikar tasa. "Kai yaro, ka ji tsoron Allah."

Ina da shekara hamsin da biyar a lokacin, amma na karɓi yaron. Na ce, "Ba karatun ba ne, Baffa, ƙarfen da na sa ne. Kanwa magani ce ga saniya, amma kai ka fi ni sanin abin da take yi in ta yi yawa."

Ya yi tsaki, ya juya ya daka kira, "Amarya." Da irin muryarsa ko na bayan gida zai waigo. Yarinyar ta ɗago, ta dubi ƙofa tukuna, sannan ta juyo ta same shi ta yi dariya. Ya ce, "Ka gani?"

Na roƙi Inna Dije ta zaga bayan yarinyar ta hagu, ta kira ta da muryar da ake magana da ita kullum. Na nuna wa Baffa da hannu ya kalli bakin Inna. Ta kira. Maryama ta ci gaba da jera ɓawonta. Ta sake kira, ta sake, har sau huɗu. Sannan ta koma ta dama ta kira sau biyu, yarinyar ta waigo.

Baffa bai ji ko ɗaya daga cikin kiran ba, amma ya ga bakin matarsa yana motsi, ya ga ƙeyar jikarsa ba ta motsa ba. Mutumin da ya yi shekara sittin yana gane saniya marar lafiya tun daga nesa ba ya bukatar a yi masa bayani. Carbin ya tsaya a hannunsa. Sannan ya ce wa Inna a kira Adamu ya dawo gida.

Mako na gaba aka kawo Maryama babban asibiti a nan Birnin Kudu, na rufe shago na bi su. Ma'aikaciyar sashen kunne, wata Hajiya mai gilashi da ba ta da lokacin wasa, ta leƙa kunnuwan da 'yar fitilarta ta ce ba ruwa, ba datti, ba ciwon da za a ba magani. Ta tura su Kano a yi gwajin na'ura, wanda ake yi wa yaro yana barci. Da suka dawo da takarda ta karanta ta ce na hagu ya ragu sosai, na dama ya ɗan taɓu. Ta ce ba za ta rantse sifika kaɗai ce ba, don zazzaɓi mai zafi ma yana yin haka. Amma da ta ji yadda yarinyar ke zama da kuma gefen da take jinginawa, sai ta cire gilashi ta dube ni.

"Kai ne mai gyaran?"

"Ni ne, Hajiya."

"Miƙo hannunka." Na miƙa. Ta tsaya daidai ƙarshen yatsuna. "In kana nan ina nan, sai na ɗaga murya kafin ka ji ni, to abin da ke kunne a ɗakin ya yi yawa. Wannan ba sai da na'ura ba, ko makaho zai iya."

Ta ƙara da cewa sifikar ɗaka kada a wuce da ita rabi, a ajiye ta 'yan taku daga inda mutum ke zama ko kwanciya, kada ta wuni tana yi ba hutu, yaro kuwa kada a bar shi kusa da ita ko kaɗan. In aka kashe mutum ya ji kunnensa yana ƙara, ko maganar mutane tana zuwa masa kamar daga cikin rijiya, to ranar an yi ɓarna. Ta ce ɓarnar ba ta zuwa da zafi ko jini, shi ya sa ba a ankara.

Adamu ya tambaye ta, "Jin nata zai dawo, Hajiya?"

"Abin da ya tafi ya tafi. Wanda ya rage shi za mu tsare." Ta juyo gare ni. "Naka kunnen fa?"

Na ce akwai gyare a ciki ya kai shekara goma.

Ta ce, "Ba zai fita ba." Ta kira na gaba.

Na koma ƙauyen da tsohuwar amfilifayar da na cire, wadda Allah ya sa ban jefar ba. Na mayar da ita, na canja fatar da ta yage, na ɗauke sifikar daga gefen gado na rataye ta a bango can kusa da ƙofa. Na ɗiga farin fenti a jikin abin murɗawa, ƙasa da rabi kaɗan. Da na kunna, karatun ya fito a natse, har na ji daɗinsa ni kaina. Baffa ya karkata kai, ya sa tafin hannu a bayan kunne. Ba ya jin komai. 'Yar jar fitilar da ke ƙiftawa kawai yake gani.

Dama Hajiyar asibiti ta ce a kawo shi a gwada masa abin ƙara ji, ya ce shi ba zai sa ƙwaro a kunne ba a wannan shekarun. Tausayinsa ya kama ni. Wata shida yana da abokin hira, yanzu na zo na raba su. Na matsa kusa na ce masa in yarinyar ta fita wasa yana iya ɗan ƙarawa.

Ya girgiza kai. "In na saba, hannuna zai riga ni. Bar shi a inda ka sa." Ya jawo Maryama ya zaunar da ita a cinyarsa, ya juya kunnenta na dama wajen sifikar. "Ni na ji rabona na duniya. Ita ba ta fara ba."

Da zan tafi Inna Dije ta biyo ni da ƙwaryar fura da nono, ta ce daga ɗakin matar Adamu. Na karɓa don ba a mayar da irin wannan. A hanya na tsaya na ba mai cirar gyaɗan nan, don ban ga na cancanci shan ta ba.

Tun daga ranar na daina gwajin kwano. Duk sifikar da ta bar shagona da ɗigon fenti take fita, kuma kafin in kwance sukuru ɗaya sai na tambayi mai ita girman ɗakinsa, da wa ke kwana a ciki, da kuma wane ne ya ce ba ta da murya. Ba zan yi muku ƙarya in ce an gode mini ba. Wasu su ce Injiniya Sabo ya tsufa, hannunsa ya yi sanyi, su ɗauki kayansu su tsallaka titi. Bayan rabin awa sai in jiyo kwano yana rawa daga can. Na yi magana a taron ƙungiya sau biyu, aka ce Allah ya saka da alheri, aka wuce maganar katin shaida. Na gaji da faɗa, shi ya sa na yarda in rubuta.

Baffa Gidado ya rasu shekara biyu bayan haka. Adamu ya ce mini har ya koma ga Allah ɗigon fentin bai gusa daga inda na sa shi ba. Kullum sai ya sa an kunna, ya zauna yana kallon fitilar yana jan carbi.

Kwanakin baya Rabi ta biyo ta gaban shago da goyo a baya, Maryama tana riƙe da hannunta. Ta girma, tana aji biyu, tana magana sosai ko da wasu haruffan ba sa fita daidai. An ce malaminsu a gaba yake zaunar da ita, ta gefen da kunnenta mai kyau zai fuskance shi. Rabi ta durƙusa kamar wancan karon, ta ce wa yarinyar, "Ke, gaida Injiniya." Har yau ba ta kiran sunanta. Na ce, "Maryama, yaya makaranta?" Ina gefenta na hagu. Sai ta juyo da kanta gaba ɗaya, ta miƙo mini kunnen dama, tana murmushi tana jiran in sake.

Ban san nawa ne daga cikin abin da ta rasa ya tafi a cikin makonni goman nan ba. Hajiyar asibiti ma ba ta sani ba. Rabi ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko da ido. Da ta zage ni, da na samu sauƙi.

Abin da na koya ke nan, ku masu tasowa. Mu mutane ne da muka iya sauraron ƙarfe, ko 'yar ƙara sifika ta yi mun san inda ke mata ciwo, amma mai kaya yana gabanmu ba ma jin abin da yake faɗa. Mutanenmu kuma ba kowace magana suke iya faɗa a gida ba. Wata sai sun ɗauko ta sun hau mota sun kawo wa baƙo, don shi kunya ba ta ɗaure masa baki ba. Duk abin da ke cikin sifika akwai na canji a kasuwa, na kunne ne ban taɓa ganin shagon da ake sayarwa ba. Ranar da wata ta durƙusa a ƙofar shagonka ta kasa faɗin sunan wadda take jin tsoro dominta, kada ka ce mata "to". Rufe shago ka tayar da babur.